Littafin da Ke Jiran Ranar Lahadi

A gidajen Kiristoci Hausawa da yawa na ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa akwai littafi guda da ba a rasa shi. An naɗe shi cikin leda saboda gara da yoyon damina, an ajiye shi a akwati ko a saman kabad. Ranar Lahadi da safe a ciro shi, a kaɗe masa ƙura, a tafi da shi majami'a. Da an tashi daga sujada sai ya koma mazauninsa, ya jira wata Lahadin. Fastoci sun san da haka, dattawan ikilisiya sun sani, masu littafin ma ba su musanta ba. Sunan da aka fi ba wannan hali shi ne rashin himma, maganin da aka fi bayarwa kuma shi ne a ƙara himma. Shi ya sa duk daren shiga sabuwar shekara ake ɗaukar alkawarin karance Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe, kafin damina ta zauna kuma an manta da inda aka tsaya.

Wannan ganewar ciwon ba ta cika ba. Mutumin da yake sammako zuwa gona wata biyar a jere, ko matar da take tashi tun kafin kiran assalatu ta turara shinkafa don kasuwa, ba a ce musu marasa himma. Abin da karatun ya rasa shi ne abin da noma da sana'a suke da shi, wato lokaci sananne, da wuri sananne, da abokan yi, da gwargwadon da ya yi daidai da ƙarfin mai yi. Himma takan zo ta tafi kamar hadari. Abin da ke riƙe karatu shekara da shekaru shi ne tsarin da aka gina masa.

Yadda littafin ya iso

Kafin a kai ga tsarin, ya dace a tuna tsawon tafiyar da littafin ya yi. James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, shi ya fara fassara shi da Hausa. Linjilar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Cikin waɗanda ya gyara Hausarsa a bakinsu har da Dorugu, yaron da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso birnin Kano, Sarki Alu ya umarce su da su fita. Ɗaya daga cikin ayarin, Dokta Walter Miller, ya zauna a ƙasar Zazzau, shi ne kuma ya jagoranci aikin da ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙungiyar Bible Society of Nigeria ta fitar da sabuwar fassara a 1979, daga baya kuma Biblica ta fitar da tata mai suna Sabon Rai Don Kowa. Daga Linjilar farko zuwa cikakken littafi an yi shekara 75.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka ƙungiyar SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta fi samun shiga ƙasar Kano ta hanyar aikin jinya, kamar kula da kutare da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943. A ƙauyukan kudancin Kano, yawancin waɗanda suka karɓi Kiristanci sun fito ne daga gidajen Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda ake kira Maguzawa, kuma shigarsu ta fi yawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Ga wannan tsara ta farko, koyon karatu da shiga addini tafiya ɗaya suka yi. Mai bishara kan zo da allo da ƙaramin littafin a-ba-ca-da, ya tara manya da yara a gindin bishiya, burin kowa kuma shi ne ranar da zai buɗe Linjila ya karanta da bakinsa. Ba su nemi abin da zai zaburar da su ba, domin ajin yana da lokacinsa, malamin yana jiransu, maƙwabta kuma suna ganin wanda bai zo ba.

Jikokinsu sun gaji littafin, ajin kuwa ya watse. Wannan shi ne giɓin.

Abin da ake tsoron a rasa

Wani zai ce ai wannan lamari ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, babu ruwan jama'a. A Legas ko Jos, inda gidajen rediyo da makarantu da allunan bakin titi suke maimaita labaran Littafi Mai Tsarki dare da rana, mutum na iya yin shekara bai buɗe shi ba, labaran kuma su ci gaba da zuwa kunnensa. A Doguwa ko Ƙiru ba haka abin yake ba. Masihiyawa, kamar yadda Kiristoci Hausawa suke kiran kansu, tsiraru ne ta fuska biyu. Cikin 'yan'uwansu Hausawa addininsu ya bambanta, cikin 'yan'uwansu Kiristocin Nijeriya kuma sau da yawa ana mamakin cewa akwai Bahaushe Kirista ɗan asalin Kano. Sun daɗe suna koken cewa 'ya'yansu ba sa samun malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Ikilisiyoyin ƙauye da yawa mai bishara guda ne ke zagaya su. A watan Satumbar 2007 rikici ya tashi a garin Tudun Wada, aka ƙone majami'u, waɗanda abin ya shafa kuma suka ga cewa gini na iya tafiya cikin yini ɗaya.

Idan makaranta ba ta koyar ba, titi bai maimaita ba, majami'a kuma awa biyu ko uku take samu a mako, gida ne kaɗai ya rage. Yaron da ya tashi a gidan da ba a karatu zai gaji sunan addini ba tare da ya san abin da ke cikinsa ba. Idan abokinsa Musulmi ya tambaye shi abin da Linjila ta ce kan wani batu, ko dai ya yi shiru cikin kunya ko ya amsa da fushi, kuma babu alheri a ko ɗaya ga zaman tare. Haka nan idan wani mai wa'azi ya zo daga birni da alkawarin arziki ga duk wanda ya kawo kuɗi, wanda bai san littafinsa ba ba shi da ma'aunin da zai auna maganar.

Inda alkawarin sabuwar shekara ke karyewa

Lissafin yana da sauƙi. Littafi Mai Tsarki na ikilisiyoyin Furotesta littattafai 66 ne, surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabo. Na Katolika littattafai 73 ne. Mai son sauke shi cikin shekara guda sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana, babu fashi. Farawa tana da sura 50, Fitowa 40, kuma labarai ne masu jan hankali. Da wannan gudu, kafin Janairu ya ƙare mai karatu ya gama su, ya faɗa Littafin Firistoci, mai sura 27 na dokokin hadaya da tsarki, wanda ba ya buɗuwa ga wanda ba shi da mai yi masa bayani. Nan ne mutane da yawa suke zubewa. Wanda ya tsallake wannan, watan Yuni na jiransa, lokacin da noman firi da maimai ba sa barin kowa ya dawo gida da sauran ƙarfi. Ya yi fashin kwana goma, bashin sura 30 da ɗoriya ya hau kansa, sai kunya ta sa ya rufe littafin gaba ɗaya.

Jadawalin karatun shekara guda ba wahayi ba ne. Ɗaya daga cikin fitattunsu wani fasto ɗan Sikotland, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara shi a 1842 domin jama'arsa ta birnin Dundee. Hatta rabon littafin zuwa surori aikin ƙarni na 13 ne, wanda ake danganta shi ga Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma mai ɗab'i Robert Estienne ya sa su a 1551. Dukkansu dabaru ne da mutane suka yi don sauƙaƙa wa mutanen zamaninsu. Jadawalin da ya ɗauka cewa kowace rana ta shekara daidai take da 'yar'uwarta an yi shi ne don mai albashi. Shekarar manomin Tudun Wada kuwa tana da damina da kaka da rani, kowanne da nauyinsa.

Akwai kuma cikas na zahiri da wa'azin himma ba ya ambata. Dattijon da ya haura shekara 40 idonsa kan fara gaza ganin ƙananan haruffa, sai ya daina karatu a hankali, ana zaton imaninsa ne ya yi sanyi, alhali tabarau yake buƙata. Gidan da ba shi da fitila mai kyau ba ya karatun dare. Matashin da ya gama firamare yana haɗa baƙi da ƙyar yana jin kunyar karatu a gaban ƙannensa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har gari na zama da gari na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda, saboda haka karatun Hausa da murya gwaninta ce da sai an yi ta maimaitawa. Sannan ga wata sabuwar ɗabi'a ta riƙe Baibul na Turanci don a nuna an yi boko, ko da rabin abin da ake karantawa ba ya shiga. Wanda yake karanta abin da ba ya fahimta zai gaji, kuma gajiyarsa ba zunubi ba ce.

Darasin da ke bayan katanga

Abin mamaki shi ne, ba sai an je Turai neman misalin karatun da ya ɗore ba. Yana nan a unguwa ɗaya. Makarantar allo ba ta jiran almajiri ya ji sha'awa. Akwai karatun asuba, akwai na yamma, akwai na dare a gefen wuta, akwai hutun Alhamis da Juma'a. An raba Alƙur'ani izu 60, kowa ya san inda yake. Ana karatu da murya, cikin jama'a, a gaban wanda zai gyara kuskure. Da azumi kuma alaramma ya ja baƙi, malami ya fassara wa jama'a da Hausa. Bambancin aƙida tsakanin addinan biyu yana nan inda yake, amma hikimar yadda ake riƙe karatu ba ta wani ba ce shi kaɗai.

Kirista da ya duba littafinsa zai tarar da wannan siffa a ciki. A sura ta 8 ta Littafin Nehemiya, Ezra ya tsaya a kan dakalin katako ya karanta Shari'a ga taron maza da mata tun daga safiya har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bi suna bayyana ma'ana don mutane su gane. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, Filibus ya ji Bahabashen nan yana karatun Ishaya a cikin karusarsa, ya ji shi ne domin da murya yake yi, Bahabashen kuma ya nemi ya hau ya zauna ya yi masa bayani. Wasiƙun Bulus an aika su ne don a karanta a gaban taro. Har a ƙarshen ƙarni na 4, Augustine ya ga ya kamata ya rubuta cewa ya tarar da Bishop Ambrose na Milan yana karatu a zuci ba ya motsa harshe. Littafin addu'ar Anglikan ya raba Zabura 150 zuwa kwana 30, safe da yamma, Katolika kuma suna da zagayen karatun Lahadi na shekara uku. Hoton mutum shi kaɗai a ɗaki, shiru, da littafinsa da alƙalami, hanya ce mai kyau ga wanda ya samu hali, amma sabuwa ce a tarihin ikilisiya. Yawancin Kiristocin da suka taɓa rayuwa da kunne suka san littafin.

Karatun da ya bi shekarar manomi

Idan haka ne, gyaran yana farawa da ɗaure karatu ga abin da ba a fashinsa. Kowane gida yana cin tuwon dare. Minti goma bayan an ɗauke kwanuka, mutum guda ya karanta da murya, saura su saurara, wani ya maimaita abin da ya ji da kalmominsa, a yi addu'a a tashi. Mai karatu ɗaya ya ishi gida guda, kuma sau da yawa 'yar makarantar sakandare ce ta fi kowa iyawa. Ba ta wannan aiki na ƙara mata gwanintar karatu, kakarta kuma da ba ta taɓa shiga aji ba ta samu rabonta.

Gwargwadon kuma ya bi yanayi. Daga Mayu zuwa Satumba kwana 153 ne, Zabura kuma 150 ce. Zabura ɗaya a rana ta ishi gidan da ya yini a gona, wasu ma gajeru ne ƙwarai, kamar ta 117 mai aya biyu, ta 119 mai aya 176 kuwa a raba ta kwana uku. Da kaka, lokacin da ake yankan dawa da sussukar masara, ga Littafin Rut mai sura huɗu, labarin gwauruwar da ta yi kala a gonar wani, wanda duk matar ƙauye za ta gane shi ba tare da dogon sharhi ba. Ga kuma Karin Magana mai sura 31, wadda Bahaushe ya riga ya saba da irin gininta. Daga Disamba zuwa Maris kwana 121 ne, Linjila huɗu sura 89 ne, da Ayyukan Manzanni 28, jimla 117. Sura guda a rana za ta kai gida daga labarin haihuwar Almasihu a lokacin Kirsimati zuwa dab da Ista. Wannan tsari ba ya sauke littafin cikin shekara guda, kuma babu laifi. A shekara ta biyu rani ya ɗauki Farawa da Fitowa da tarihin sarakuna, a ta uku annabawa da wasiƙu. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Littattafai masu wuya irin su Littafin Firistoci da Wahayi a bar su ga zaman da fasto ko katikis yake ciki.

Ƙa'ida guda ta fi sauran muhimmanci, wato babu bashi. Gidan da ya yi fashin mako saboda rashin lafiya ko biki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ramuwa ce ke kashe yawancin jadawali.

Sauran aikin na ikilisiya ne. Zumuntar Mata ita ce ƙungiyar da ta fi kowace riƙe lokacin taronta a majami'un Arewa, saboda haka ita ta fi dacewa da tambayar kowane mako, ina gidanku ya kai? Ƙungiyoyin matasa da na Sabon Rai na iya farfaɗo da ajin karatun manya da rani. Kuɗin da ikilisiya za ta kashe kan sabbin lasifiƙoƙi zai sayi tabarau da fitilun sola da littattafai masu manyan haruffa ga gidaje da yawa. Wanda ya tafi cin rani Kano ko Abuja kuma wayarsa ta ishe shi, domin manhajoji irin su YouVersion suna da fassarar Hausa, akwai kuma karatun murya da ake sawa a memori a saurara ba tare da data ba. Idan ya san surar da ake karantawa a gida a daren nan, yana cikin zaman ko da yana nesa.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Akwai masu cewa wannan duk dabarar mutum ce. Ƙishin Maganar Allah aikin Ruhu ne, kuma karatun da aka ɗaure da jadawali kan zama al'ada marar rai, baki na motsi zuciya na wani wuri. Maganar tana da tushe, domin an ga gidajen da addu'ar dare ta zama bulala, uba yana karatu yara suna gyangyaɗi cikin tsoro, suka girma suka tsani littafin. An kuma ga masu alfahari da yawan saukarsu alhali halinsu bai sauya ba.

Sai dai wannan gargaɗi ne kan yadda ake yin abin. Bai zama hujjar barinsa ba. Manomi ya fi kowa sanin cewa ba shi ke saukar da ruwa ba, duk da haka ba ya jiran ya ga hadari kafin ya yi sharar gona ya kai taki. Mafi yawan dararen karatu ba za su zo da wani motsin zuciya ba, kamar yadda mafi yawan tuwon da mutum ya ci bai tuna ɗanɗanonsa ba, amma shi ya raya shi. Daren da aka yi rasuwa a gidan, ko amfanin gona ya lalace, ko aka kwana cikin fargaba, abin da aka tara a dararen da ba a ji komai ba shi ake ɗebowa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sha'awa kuma sau da yawa bayan sabo take zuwa, domin wanda ya ji labarin Yusufu dare bayan dare shi ne zai ƙagu ya ji yadda za ta ƙare da 'yan'uwansa.

Maganin al'ada marar rai shi ne a gajarta zaman, a bar yara su yi tambaya, a yarda a ce ba a sani ba idan ba a sani ba, a kai tambayar ga fasto ranar Lahadi. Fastocin kuma su rage ɗora laifi daga kan bagade, domin jin laifi bai taɓa koya wa kowa karatu ba.

Kakannin Masihiyawan kudancin Kano sun koyi karatu da furfura a kansu, a gindin bishiya, don su buɗe littafin nan da hannunsu. Abin da ake nema daga jikokinsu bai kai haka nauyi ba. A fitar da shi daga leda, a ajiye shi inda ake ajiye fitila, a sa wa wani a gidan alhakin buɗe shi bayan tuwon dare. Linjilar Markus sura 16 ce kawai. Gidan da ya fara daren yau zai gama ta kafin mako uku su cika.